Mastura da Littattafan Mai Gadin Abhur

Duk wanda ya saba shiga layin 'yan yadi a Bab Makka ya san Mastura, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau da ke zama a bakin shagon wani tsohon Bayamane, tana yi masa tafinta idan alhazan Najeriya da Nijar suka zo sayen tsaraba. A Jidda aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan ta haifi 'ya'yanta mata biyu, kuma har yau ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma idan ana maganar ƙananan littattafan nan na 'yan sanda da masu kisa da aka riƙa bugawa a Kano shekarun baya, da wuya a sami wanda ya fi ta sanin wanne ya riga wanne fitowa, wanne aka sake wa suna, wanne aka yanke wa wutsiya. Kuma in ka tambaye ta, za ta faɗa maka cewa haushi ne ya kai ta ga wannan sani.

Mahaifinta, Malam Rilwanu, mutumin Gusau ne. Da ƙuruciyarsa masinja ne a kotun alƙali. Aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa ya kira mai ƙara da wanda ake ƙara, saboda haka babu irin shari'ar da ba ta ratsa kunnensa ba, daga ta gado zuwa ta gawar da aka tsinta a bayan gari. Ya zo aikin hajji a 1975, jirgi ya koma ya bar shi, da saninsa. Ya yi dako, ya yi wankin mota, daga bisani ya sami gadin wani katafaren gida a Abhur, can bakin teku, wanda masu shi ba sa zuwa sai lokacin hutu. Fiye da shekara talatin yana zaune a ɗan ɗakin da ke jikin ƙofar gidan, daga shi sai tabarma da butar shayi da rediyo. Zaman ne ya ishe shi ya fara rubutu. Boko bai zauna masa a hannu ba, don haka da ajami yake yi, a cikin irin daftarin nan mai shuɗin bango da 'yan makaranta ke saya.

Ranar Juma'a yake zuwa gida. In an sauko daga masallaci an ci abinci, sai ya ciro daftari ya karanta wa iyalinsa abin da ya rubuta a makon. Jarumin nasa ɗaya ne, Sufeto Gambo Kanwa, ɗan sanda mai ciwon gwiwa wanda ba ya bin ɓarawo da gudu, sai dai ya zauna a teburin mai shayi ya yi ta tambayoyi kamar sakarai har gaskiya ta fito da ƙafarta. Yayan Mastura, Abdulghaffar, da an fara yake sulalewa ya tafi ƙwallo. Ita kuwa takan zauna har ƙarshe, har ta yi gardama a kan wanda ya yi kisan.

Akwai wani mutumin Kano, Alhaji Jabiru, da ke rako alhazai kowace shekara. Shi ne mai karɓar labaran. Malam Rilwanu yakan kwafe kowane labari da kyakkyawan rubutu ya ba shi, ya riƙe na farkon mai goge-goge. Jabiru ya kai Kano, a juya zuwa boko, a buga. A shekarun farko yakan kawo masa kwafi, da suna “R. M. Gusau” a bango, domin Malam ɗin da bakinsa ya ce kada a sa cikakken sunansa. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, a lokacin, kuma ba ya son abokan karatunsa na gida su ji cewa ya zo ƙasa mai tsarki ya ɓuge da rubuta labarin kisan kai. Daga baya Jabiru ya daina kawo komai. Ya ce kasuwa ta mutu, mutane sun koma kallon fim, amma a ci gaba da ba shi ko Allah zai sa a dace. Malam Rilwanu ya ci gaba da bayarwa har idonsa ya raunana. Ya rasu a 2014 yana ɗaukar cewa littattafansa uku ne kacal suka ga maɗaba'a.

Shekara biyu da rasuwarsa, wata hajiya daga Zariya ta zauna a shagon tana zaɓar gyale, wayarta a kan cinya tana sauraron wani labari da ake karantawa. Mastura tana auna yadi sai ta ji mai karatun ya ce an tsinci gawa a bayan marina sanye da rigar Sarkin Marina, ɗan sanda ya duƙa ya duba, ya ce, “Gawa ba ta ƙarya, sai dai a yi mata.” Hannunta ya tsaya a kan almakashi. Tana da shekara tara ta ji wannan maganar daga bakin ubanta.

“Hajiya, labarin wa kike ji?”

“Na Alhaji Jabiru ne mana. Tsohon littafi ne, tun muna 'yan mata muke karanta shi. Ai mutumin nan ya rubuta sun fi hamsin.”

Mastura ta ƙarasa awon, ta naɗe gyalen, ta yi wa hajiyar addu'ar sauka lafiya. Da ta koma gida ko mayafi ba ta cire ba ta jawo akwatin ƙarfen ubanta daga ƙarƙashin gado. Daftari arba'in da bakwai ta ƙirga. A ƙarshen kowanne ya rubuta ranar da ya gama shi da lissafin Hijira, kamar yadda ya ga ana yi a kotu. Na marina shi ne na huɗu, an gama shi a Rajab, 1410.

Matsalar ita ce ba ta iya karanta boko ba. Karatunta duk na Larabci ne, shi ya sa ajamin uban ke karantuwa gare ta kamar ruwa, amma littattafan nan uku da Jabiru ya taɓa kawowa, hotunan bango kawai take ganewa. A gidan da suke haya akwai wata mata 'yar Katsina, Fatu, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana koyarwa a firamare kafin ta zo umra ta ƙi komawa, ta kama tuyar waina. Mastura ta same ta a bakin tanda.

“Malama, so nake ki koya mini boko.”

Fatu ta dube ta ta yi dariya. “Da girmanki? Me za ki yi da shi a garin nan?”

“Ɓarawo zan kama.”

Kullum bayan la'asar suke zama. Mace mai shekara talatin da biyar tana ta ba, bi, bo, 'ya'yanta na leƙowa suna ƙunshe dariya. Ta ce rubutun da ke farawa daga hagu ji take kamar tafiya da baya. Wata biyar ta yi kafin ta iya karanta shafi guda ba tare da ta sa yatsa ba, kuma shafin farko da ta karanta na ubanta ne.

Daga nan ta mai da bakin shagon wurin farauta. Duk wadda ta zo sayayya daga ƙasar Hausa, bayan an gama ciniki sai ta tambaye ta ko akwai tsofaffin littattafan 'yan sanda a ɗakin uwarta ko a ƙasan akwatin yayarta. Wasu suka ɗauke ta mai taɓin hankali. Wata ma ta ce mata, mutane na zuwa nan neman lada, ke kina neman tatsuniya. Amma mata ba su cika mantuwa da wanda ya yi musu ragi ba. Sannu a hankali littattafai suka fara isowa a cikin jakunkunan masu umra, a tsakanin ƙullin kuka da daddawa, wasu ba bango, wasu gara ta ci rabi, duk suna warin yaji. Wanda ba a iya kawowa ba, a ɗauki hoton shafukansa a turo mata ta waya.

Takan buɗe bugagge a dama, daftari a hagu, ta bi su layi layi. Ta sayi babban littafi mai kauri ta ba kowane daftari shafi biyu: ranar da aka gama shi, sunan da uban ya ba shi, sannan duk wani suna da ta same shi da shi a kasuwa. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne shekaru, domin masu bugun ba su damu da sa kwanan wata ba. Fatu ce ta nuna mata dabara. A bayan kowane littafi akwai tallar shagon mai sayarwa da lambar waya. In lambar ta tarhon gida ce mai farawa da 064, to bugun ya girmi zuwan wayar hannu. In ta fara da 080, na baya ne. Ta ƙara da nata lura: jerin “littattafanmu masu fitowa” da ake sawa a shafin ƙarshe yana nuna wanne ya riga wanne, kuma takardar wasu shekarun ta fi ta wasu ja.

A haka tarihin ya fara fito mata. Uku na farko sun fita da R. M. Gusau. Bayan su sai goma sha ɗaya da sunan wani “Bawan Allah Ɗan Fagge”, mutumin da babu wanda ya taɓa gani. Da kasuwa ta juya aka fi sayen littattafan mata, sai ga labaran Malam Rilwanu sun fito da sunan “Hajiya Sajida Tudun Wada”, an cusa musu hirar saurayi da budurwa a tsakiyar bincike, an manna hoton wata mai jan baki a bango. Wani daftarin guda an tsaga shi uku, na ɗaya, na biyu, na uku, an yanke kowanne daidai inda mai karatu zai ƙagu. Sai wajen zuwan wayar hannu sunan Alhaji Jabiru ya fara bayyana, kuma ya koma baya ya sake buga tsofaffin da sunansa. A waɗannan ne aka canza wa Sufeto Gambo Kanwa suna ya koma Sufeto Bala, aka warkar masa da gwiwa, aka ba shi bindiga da babur. Mastura ta ce duk abin da aka yi, wannan ya fi ƙona mata rai. Ta san daga inda ciwon gwiwar ya fito, don ita ce take shafa wa ubanta man zafi ranar Juma'a.

Ana cikin haka aka kama Fatu. Samame aka yi a titi da hantsi, tana ɗauke da robar waina, ba ta da takarda, aka wuce da ita tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Mastura ta yi kwana uku ba ta buɗe babban littafin ba. Ta tattara wa Fatu 'yan kayanta ta aika mata ta hannun wani direba. Wata biyu shiru. Ran nan tana shago sai saƙon murya ya shigo daga baƙuwar lamba, da hayaniyar motoci a bayansa.

“Mastura, ni ce. Ban zauna a Katsina ba, ina Kano wajen ƙanwata. Yanzu haka ina tsaye gaban masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Turo mini sunayen da suka rage.”

Tun daga ranar aikin ya zama na mutum biyu, ɗaya a kowane gefen teku. Fatu ta bi rumfuna, ta shiga ɗakunan ajiya masu ƙura, ta yi abota da tsofaffin dillalai. Abin da Mastura take samu a shekara, yanzu a wata take samunsa.

A 2022 rusau ya iso tsohuwar unguwarsu. Aka shafa wa gidaje jan fenti, aka ba da wa'adi. Mijinta, Muslim, direba ne, ya samo musu ɗaki biyu a unguwar Waziriyya, Abdulghaffar kuma ya zo da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Shi Abdulghaffar ya daɗe da yin nisa da waɗannan al'amura. Yana aiki a wani kamfanin hayar motoci, 'ya'yansa suna jin Hausa amma da Larabci suke amsawa, kuma ba ya son a tuna masa da cewa ubansa mai gadi ne. Mota ta cika, saura akwatin ƙarfe da kwali huɗu na littattafai, ga kuma kabad ɗin kayanta.

“Ya ukhti, halas,” in ji shi da Larabci, wato 'yar'uwa, ya isa haka. “Baba ya tafi. Waɗannan takardun me za su ƙara masa? Labarin kashe-kashe ne. Ki yi masa sadaka ya fi masa amfani a inda yake.”

“Sadaka ina yi, Yaya. Wannan kuma daban.”

“Babu wuri. Sawu ɗaya zan yi, ina da aiki. Yalla, maza ki zaɓa.”

Ta zauna a kan akwatin ta gyara mayafinta. “Na zaɓa. A bar kabad ɗin.”

“Kabad ɗin aurenki?”

“Katako ne. Akwai irinsa a kowace kasuwa.”

Ya dubi Muslim ko zai sa baki. Muslim ya sunkuya ya kama hannun akwatin guda, ya ce mata ta ɗaga su ɗora. Bayan sun isa Waziriyya, Abdulghaffar ya yi wata shida bai taka gidanta ba. Kayan sawarta a cikin buhu suka zauna har shekara ta zagayo.

A shekarar da ta biyo, Fatu ta turo mata wata hira da aka yi da Alhaji Jabiru a rediyo. Wata ƙungiya ta karrama shi, yana ba da labarin yadda ilhama take sauko masa, yadda ya ƙirƙiri Sufeto Bala daga wani ɗan sanda da ya sani a Fagge. A ƙarshen hirar ya ce zai tafi umra. Mastura ta nemo lambarsa ta kira shi da kanta. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita ce 'yar marigayi Malam Rilwanu, in ya sauka Jidda gidansu gidansa ne.

Ya zo ranar wata Asabar da azahar, tsoho mai ƙiba da sanda, yana ta yi wa marigayin addu'a tun daga bakin ƙofa. Ta yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, Muslim ya zauna suka ci tare. Sai da aka wanke hannu aka kawo shayi, sannan ta shimfiɗa zani a ƙasa ta fara jera littattafai a kai. Bugu biyar na labari ɗaya ta jera, mai sunan Bawan Allah, mai sunan Sajida, da uku masu sunansa. A gefe ta ajiye daftari mai shuɗin bango.

“Baba Alhaji, tambaya gare ni a kan wannan na marina. Na ji an ce kai ka rubuta.”

Ya kurɓi shayi. “Haka ne, 'yata. Mun sha hira da mahaifinki a kan irin waɗannan, Allah ya jiƙansa.”

“Amin. An tsinci gawa da rigar Sarkin Marina, karnuka sun ɓata fuskar, kowa ya yarda shi ne. Sufeto yana zuwa ya ce ba shi ba ne. Na karanta duk bugun nan biyar, babu inda aka faɗi yadda ya gane. Ta yaya ya gane?”

“Ai basira ce irin ta ɗan sanda. Ba komai marubuci ke bayyanawa ba.”

Ta buɗe daftarin inda ta sa alama, shafi na sittin da biyu, ta karanta masa a hankali. Sufeto ya kama hannun gawar ya duba farce, ya gan su fari tas. Wanda ya yi shekara arba'in yana tsoma hannu a baba, ko wankan gawa ba ya fitar masa da shuɗi daga ƙarƙashin farce. Ta rufe.

“Shafi guda ne. Da Baba yana kwafe maka, ganye biyu suka manne ya tsallake. Ga shi har yanzu da ɗanƙon shayin da ya haɗa su. Shekara talatin da wani abu ana buga littafin nan da rami a tsakiyarsa, kuma mai shi bai lura ba.”

Alhaji Jabiru ya ajiye kofin. Da ya buɗe baki, muryar ta sauya.

“Ke yarinya ce, ba ki san yadda abin yake ba. Ubanki yana zaune a inuwa yana rubutu. Ni na juya, ni na bi maɗaba'a, ni na ɗauka a ka na zaga kasuwanni har Maraɗi. Ba don ni ba, da gara ta cinye su a akwatin nan. Kuma shi da bakinsa ya ce a ɓoye sunansa.”

“Ya ce a ɓoye. Bai ce a sa naka ba.” Ta jawo babban littafinta ta juya masa. “Wahalarka ban ci maka ita ba. Duba, a kowane shafi na rubuta: Alhaji Jabiru ya juya zuwa boko, ya kai maɗaba'a. Akwai kuma guda tara da ba su cikin akwatin nan, waɗanda suka fito bayan idon Baba ya tafi. Na rubuta su da sunanka kai kaɗai. Naka ne, babu mai ja. Baba ba zai sa ɗan sanda ya harbi mutum ta baya ba.”

“To me kike so?”

“Ka koma gidan rediyon nan ka faɗi sunansa.”

Ya yi wata 'yar dariya. “Da furfurata? Kuma in na ƙi, wa zai saurare ki? 'Yar mai gadi, ko hanyar Kano ba ki sani ba.”

“Ban san hanyar Kano ba, gaskiya ne. Amma na san abin da ke shafi na sittin da biyu.”

Muslim ya ƙara masa shayi, bai sha ba. Da ya miƙe zai tafi, har ya kai ƙofa sai ya juyo, ya sassauta murya, ya ce ko za ta bari ya ɗauki hoton shafin nan, a gyara a bugu na gaba, don amfanin masu karatu. Mastura ta ɗauki daftarin ta rungume a ƙirji.

“Allah ya karɓi umra, Baba Alhaji. A gaida mutanen gida.”

Bai koma rediyo ba, ita ma ba ta zauna jiransa ba. Ta ɗauki waya ta karanta jerin da muryarta, daftari bayan daftari, da ranar gamawa da sunayen da aka buga shi da su, ta haɗa da hotunan shafukan ajami. Fatu ta watsa a zaurukan masu karatu. Abin da ya biyo baya ba daɗi. Aka ce ta ci mutuncin dattijo. Aka ce 'yan Jidda ba su da tarbiyya. Wani ya ce ajami ai kowa zai iya zama ya rubuta jiya ya shafa masa ƙasa. Abdulghaffar ya kira ta ya ce ta jawo musu abin magana, har a wurin aiki wani ya tambaye shi. Ta ce masa, in an sake tambayarsa ya ce e, ubansa ne, kuma guda arba'in da bakwai ya rubuta.

Ta amsa wa masu zagi sau ɗaya, a taƙaice. Ta ce duk mai shakka, akwatin yana Waziriyya, ƙofa a buɗe take, ya zo da wanda ya san takarda da tawada. Daga nan ba ta ƙara tanka musu ba. Cikin masu saurare kuwa akwai wani tsoho a Fagge da ya yi aikin jera haruffa a wata ƙaramar maɗaba'a da ta daɗe da rufewa. Ya nemi Fatu, ya ce ya tuna takardun ajami da ake kawowa bayan kowane hajji, rubutu mai kyau kamar na alƙali, kuma shi ne ma yake juya yawancinsu, ba Jabiru ba. Mastura ta sa aka ɗauki maganarsa, ta koma babban littafinta ta bi shafukan littattafan da ya ambata ɗaya bayan ɗaya tana ƙara sunansa. Alhaji Jabiru har yau bai janye ba, kuma akwai masu kiransa marubucin. Akwai kuma waɗanda yanzu in sun ɗora tsohon labarin a waya sukan ce na Rilwanu Gusau ne.

Cikin arba'in da bakwai, ta gano arba'in da ɗaya a buge. Shida ba ta same su ko'ina ba, wataƙila sun ɓace a hanya, wataƙila ba a ga za su sayu ba. Ta zaɓi ɗaya, wanda uban ya sa wa suna Makullin Ɗaki na Bakwai, ta juya shi zuwa boko da hannunta. Wata takwas ta yi tana yi, Fatu na gyara mata inda ta sa ƙ a wurin k. Da Abdulghaffar ya ji za a buga, ya zo har gida, karo na farko da ya zauna ya sha ruwa. Bai hana ba. Roƙo ɗaya ya yi, a sa suna kawai, kada a ambaci sana'a.

“Yaya, a ɗakin gadin ya rubuta su. Da gadin ya ciyar da mu. In na cire, na zama Jabiru ƙarami.”

Abin da ta aika a sa a bango shi ne: Rilwanu Musa Gusau, mai gadi a Abhur, Jidda.

Kwafi ɗari uku aka buga. Hamsin suka iso mata a jakar wata mai umra, sauran suna wajen Fatu. Ta yanke igiyar kwalin a bakin shago, ta ciro na sama, ta gyara tabarau. Sufeto Gambo Kanwa yana bango, zaune a benci, hannunsa a kan gwiwa, kamar yadda ta ce a zana. A ƙasa kuma an rubuta Ridwanu Musa Gusau.

Ta kira Fatu nan take. Fatu ta ce ta gani, mai bugun ya ce ai duk ɗaya ne, Ridwanu da Rilwanu, kuma ba zai sake bugawa ba. Ta ce a yi haƙuri a bar shi haka, harafi ɗaya ne.

“Malama, ke kika koya mini cewa harafi ɗaya ba wasa ba ne. Kada ko ɗaya ya fita kasuwa. Ki sayi baƙin biro mai kyau.”

“Ɗari biyu da hamsin fa, Mastura. Idona ba na da ba ne.”

“Ki yi goma kullum. Babu mai korar mu.”

Fatu ta yi ƙorafi, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinta ba, sannan ta tambayi irin biron. Mastura ta jawo kujera ta ɗora kwalin a gefenta. Ta ɗauki na farko, ta soke d da layi ɗaya siriri, ta rubuta l a samansa, ta hura tawadar ta bushe, ta ajiye. Tsohon Bayamanen ya leƙo daga cikin shago ya tambaye ta da Larabci me take yi tun ɗazu. Ta ce gyaran suna take. Ta kai na goma sha bakwai wasu mata uku 'yan Damagaram suka tsaya suna taya abaya, ta sa biron a tsakiyar littafin, ta miƙe ta yi musu maraba.